Idan gwamnatin Amurka ta "rufe", me ke samun ɗalibar da ke jami'a?

"Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin firamare ne a Funtuwa. 'Yata tana shekara ta uku a karatun digirin digirgir kan ilimin ƙasar noma a wata jami'a a Amurka. Da alawus ɗin da ake ba ta take riƙe kanta, har takan aiko mana da ɗan abin da ya samu. Kwanakin baya na ji a rediyo an ce gwamnatin Amurka ta rufe, yanzu kuma ana raɗe-raɗin za a sake. In na tambaye ta sai ta ce, 'Ba komai, Baba.' Ni kuwa na ga abin da yajin aikin ASUU ya yi wa ƙannenta. Don Allah, in gwamnati ta rufe, jami'ar ma rufewa take yi? Za a tsayar mata da alawus? Ko za a ce ta dawo gida?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka ci moriyar wahalar da ka sha a kan yaran nan. Na gane inda hankalinka ya tafi: kana son sanin ko wannan rufewa irin wadda muka sani ce a gida, inda ake garƙame ƙofar jami'a a sallami ɗalibai sai ranar da Allah ya yi. Aikina a nan shi ne kula da kuɗaɗen tallafin bincike a wata jami'ar jiha da ke tsakiyar Amurka, kuma manyan rufewa uku sun same ni a kan wannan teburi: ta 2013, ta ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, da ta 2025. Daga abin da na gani zan ba ka amsa.

Biyu daga cikin tambayoyinka uku, ka kwantar da hankalinka a kansu tun yanzu. Jami'a ba ta rufewa, kuma ba wanda zai ce wa 'yarka ta tattara kayanta ta koma gida saboda wannan. Maganar alawus ita ce mai buƙatar zama, domin amsarta ta dogara ga aljihun da kuɗin ke fitowa, da kuma ranar da wa'adin wannan aljihu zai cika.

Abin da ake nufi da rufewar

Shekarar kuɗi ta gwamnatin tarayyar Amurka tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba. Kafin ranar, dole Majalisar Dokoki ta zartar da dokokin kasafi guda 12, ko kuma ta yi ƙwarya-ƙwaryar doka ta wucin gadi wadda za ta bar ma'aikatu su ci gaba da kashe kuɗi na 'yan makonni. In ba a yi ko ɗaya ba, akwai tsohuwar doka tun ƙarni na 19 da ta haramta wa jami'in gwamnati kashe ko sisin da Majalisa ba ta ware ba. A da ma'aikatu sukan ci gaba da aiki suna jiran 'yan siyasa su daidaita. A 1980 da 1981 ne ministan shari'a na lokacin, Benjamin Civiletti, ya fassara dokar da cewa in babu kasafi, aiki ya tsaya ke nan, sai wanda ya shafi kare rai da dukiya. Ga shi kuma a Majalisar Dattawa ana buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin irin wannan doka ta wuce, don haka ko jam'iyyar da ke mulki ba ta iya yi ita kaɗai. Nan ne ake ja-in-ja. A 2013 a kan dokar inshorar lafiya ta Obama aka yi, aka kwana 16. Daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019 a kan kuɗin katangar iyakar Meziko ne, kwana 35. Ta 2025 ta fara 1 ga Oktoba ta ƙare 12 ga Nuwamba, kwana 43, ta zarce duk waɗanda suka gabace ta.

A Najeriya ba ma ganin haka ne saboda sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida ko da ba a zartar da kasafi ba. Amurka ba ta da wannan mafita. Da zarar wa'adi ya cika, sai a raba ma'aikatan tarayya gida biyu: wasu a tura su hutun dole, har an hana su buɗe imel na ofis, wasu kuma, kamar masu kula da zirga-zirgar jiragen sama da masu binciken fasinjoji, su ci gaba da aiki ba albashi sai an buɗe.

Bambancinta da yajin aikin ASUU

Tsoronka yana da tushe, Baba. Wanda ya ga 'ya'yansa zaune a gida daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba a 2022, wata takwas cur, dole gabansa ya faɗi in ya ji kalmar rufewa. Amma a gida gwamnatin tarayya ce mai jami'ar, ita ke biyan malamai, shi ya sa rigimarsu da ita take kulle aji. A nan jami'o'i na jihohi ne ko masu zaman kansu. Albashin malami yana fitowa daga kuɗin makaranta da ɗalibai ke biya, da kason jiha, da ribar dukiyar da aka yi wa jami'ar waƙafi. A duk rufewa ukun da na gani ba a fasa lacca ko ɗaya a jami'armu saboda ita ba, ɗakin karatu a buɗe, ɗakunan kwana a buɗe, an yi jarrabawa a kan lokaci. Waɗanda abin ya taɓa aji kai tsaye su ne makarantun soja na tarayya. A 2013 an tura malamai farar hula na kwalejin sojan ruwa da ke Annapolis gida.

Kuɗin tarayya ta ƙofa biyu yake shigowa jami'a. Ta farko ita ce tallafi da bashin karatu na 'yan ƙasa, wanda yawanci yakan ci gaba ko an rufe, kuma dama bai shafi 'yarka ba tunda baƙuwa ce. Ta biyu ita ce kuɗin bincike, kuma nan ne maganarmu take. Fiye da rabin abin da jami'o'in Amurka ke kashewa a kan bincike daga gwamnatin tarayya yake zuwa: hukumar binciken lafiya ta NIH mai kasafin kusan dala biliyan 47 a shekara, gidauniyar kimiyya ta NSF mai kusan biliyan 9, sai ma'aikatar gona, ma'aikatar makamashi, hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da sauransu.

Aljihun da alawus ke fitowa

Ɗalibin digirin digirgir a fannin kimiyya yawanci ta ɗayan hanya biyu yake samun alawus. Ko dai yana taimaka wa malami koyar da 'yan digirin farko, jami'a ta biya shi daga aljihunta, ko kuma yana aiki a kan binciken malamin da ke duba shi, a biya shi daga tallafin da malamin ya samo. In 'yarka mai koyarwa ce, magana ta ƙare, rufewar ba za ta taɓa kuɗinta ba.

In daga tallafin bincike ne, akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, har wasu malaman. Gwamnati ba ta aiko da kuɗin ta ajiye mana a banki. Jami'a ce ke fara biya daga aljihunta, albashi da kayan aiki da komai, sannan ofishinmu ya kai lissafi a mayar mata. Saboda haka ranar da aka rufe, alawus ɗin ɗalibi ba ya tsayawa, domin dama ba daga Washington yake zuwa hannunsa ba. Abin da kan iya tsayawa shi ne mayar mana da kuɗin. A rufewar 2018 zuwa 2019 NSF ta daina biyan jami'o'i gaba ɗaya na tsawon makonni biyar ɗin, jami'o'i suka ci gaba da biyan ɗalibai suna tara bashi a kan gwamnati. Babbar jami'a mai kauri tana iya ɗaukar wannan nauyi wata biyu ko uku ba ta girgiza ba. Ƙaramar makaranta kuwa tun mako na huɗu take fara hana tafiye-tafiye da sayen kayan aiki domin ta kare albashi. A wancan karon ma ba duka aka rufe ba: NIH da ma'aikatar ilimi sun riga sun sami kasafinsu, sai ga mai binciken ciwon daji yana aikinsa lafiya lau, maƙwabcinsa mai binciken yanayi yana zaman jira. A 2013 da 2025 kuwa kowa abin ya shafa.

Inda haɗarin yake shi ne tallafin da wa'adinsa ya zo ƙarshe. Tallafi yakan yi shekara uku zuwa biyar, wasu kuma shekara-shekara ake sakin kuɗinsu. Sai jami'in gwamnati ya sa hannu kafin a saki kason bana, ko a tsawaita wa'adi, ko a ba da sabo. Wannan jami'i yana gida, ba shi da izinin amsa waya. Kwamitocin masana da ke zama su tace buƙatun tallafi su ma an soke zamansu, kuma ba ranar da aka buɗe suke sake haɗuwa ba, domin mutane ne masu nasu ayyukan a jami'o'i daban-daban. Shi ya sa rufewar mako biyar takan haifi jinkirin wata uku ko huɗu. Wanda ya ji a rediyo an buɗe sai ya ɗauka an gama, mu kuwa a ofis lokacin ne aiki ke farawa.

A kowace rufewa, aikina na ranar farko ɗaya ne. Nakan fitar da jerin duk tallafin da zai ƙare cikin kwana 90, in ja jan layi a kan wanda akwai ɗalibi ko matashin mai bincike da ke cin abinci daga cikinsa. Sai in bi malaman ɗaya bayan ɗaya ina tambaya: in kuɗin nan bai zo ba, da me za ka biya yaron nan? Mafita tana nan, amma sai an nema da wuri. Jami'a tana iya buɗe asusun kafin alƙalami in akwai tabbacin tallafin yana tafe, sashen ya ɗauki alhaki in bai zo ba. Ana iya mayar da ɗalibi koyarwa na zango ɗaya, sai dai guraben koyarwa ana raba su ne kafin zango ya fara, wanda ya makara ba ya samu. Wasu malaman suna da ɗan asusun ajiya na kansu. Malamin da ya san aikinsa yakan shirya wannan tun kafin ɗalibinsa ya san akwai matsala. Akwai kuma wanda sai ka bi shi sau uku kafin ya amsa, kuma ɗaliban irinsa su ne suke hana ni barci.

Dalilin da ya sa na fi damuwa da baƙin ɗalibai shi ne hannunsu a ɗaure yake. Ɗan ƙasa in alawus ya tsaya zai iya fita ya yi aikin shago ko ya tuƙa mota ya rufa wa kansa asiri. 'Yarka, da bizar ɗalibta, ba ta da izinin aiki a wajen jami'a sai da sahalewa ta musamman, a cikin jami'ar ma awa 20 ne iyakarta a mako lokacin karatu. Ƙari a kan haka, yafe mata kuɗin makaranta da inshorar lafiyarta yawanci a ɗaure suke da wannan aiki na alawus. In ya faɗi, ba kuɗin cefane kaɗai ya tafi ba. Ban faɗi wannan don in tayar maka da hankali ba. A duk shekarun nan ba mu taɓa barin ɗalibi ya rasa gurbinsa saboda rufewa ba, amma na ga waɗanda suka yi makonni ba su san matsayinsu ba, kuma wannan ma wahala ce.

Asarar da ba a mayarwa

Kuɗi in ya makara yakan zo daga baya. Lokaci ne ba ya dawowa, kuma fannin 'yarka yana cikin waɗanda suka fi jin wannan. Manyan jami'o'in noma na Amurka sun samo asali ne daga dokar 1862 da ta ba jihohi filaye su kafa su. Irinsu ce jami'ar jihar Kansas, wadda ta taimaka wajen raya tsangayoyin noma da likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, can kusa da ku a Samaru. A irin waɗannan jami'o'i za ka tarar da ɗakunan gwaje-gwaje na gwamnatin tarayya a cikin harabar makaranta, masanan gwamnati suna aiki kafaɗa da kafaɗa da malamai, har suna duba ɗalibai.

A Janairun 2019 wani ɗalibi ɗan Afirka ta Yamma ya shigo ofishina da dusar ƙanƙara a takalminsa, ya zauna bai ko cire hula ba. Dawa yake gwadawa, iri-iri, a ɗakin rainon shuka mai gilashi na wani ginin tarayya da ke harabarmu. Tun ranar da aka rufe katinsa ya daina buɗe ƙofar. Mutum ɗaya aka yarda ya riƙa shiga yana ba shukar ruwa don kada ta mutu, domin wannan kare dukiyar gwamnati ne, amma ba shi da izinin ya auna komai ko ya rubuta komai, domin wannan bincike ne. Yaron nan ya ce mini kullum da safe yakan je ya leƙa ta gilashi, yana kallon dawarsa ta fid da kai, ta yi bununi, lokacin da ya kamata ya yi awonsa yana wucewa a gaban idonsa. Alawus ɗinsa bai tsaya ko kwana ɗaya ba. Amma da aka buɗe sai da ya sake shuka daga farko, kammala karatunsa ya ja baya da zango guda. Kai da ka zauna cikin manoma ka san abin da ake nufi da a ce mutum ya rasa ruwan shuka.

Irin wannan ya faru a wurare da yawa. Rufewar 2013 ta zo daidai buɗewar lokacin bincike a yankin ƙanƙara na Antatika, aka dakatar da ayyukan kimiyya a tashoshin Amurka da ke can, wasu da suka shekara suna shiri suka juyo. A 2013 ɗin kuma shafukan intanet na NASA da NSF da hukumar ƙidaya sun daina aiki, ɗalibai masu dogaro da alƙalumansu suka tsaya cik. Mai nazarin tarihi da ya tara kuɗin jirgi don ya yi mako biyu a gidan adana takardun tarihi na ƙasa sai ya tarar da ƙofa a kulle. A Janairun 2019 babban taron masana taurari da aka yi a Seattle ya rasa ɗaruruwan masanan gwamnati, alhali a irin wannan taro ne ɗalibi ke haɗuwa da wanda zai ɗauke shi aiki.

Takardun zama

Hukumomin da ke kula da rajistar baƙin ɗalibai da izinin aiki bayan kammala karatu suna tafiya ne da kuɗin da masu nema ke biya, ba da kasafin shekara ba, don haka suna ci gaba da aiki. Haka ma sashen biza na ofisoshin jakadanci, muddin kuɗin da suka tara bai ƙare ba. Matsayin 'yarka na ɗaliba jami'arta ce ke tabbatar da shi, kuma ma'aikatan wannan ofis na jami'a ne. Abin da kan tsaya shi ne tsarin E-Verify da kamfanoni ke tantance ma'aikata da shi, da kuma takardar ma'aikatar ƙwadago da ake buƙata kafin a nemi bizar aiki ta H-1B. Waɗannan sun fi shafar wanda ya gama yana neman aiki, ita kuwa da sauranta. Ni ba lauyan shige da fice ba ne, kuma ƙa'idojin biza suna sauyawa ta hanyar umarnin fadar shugaban ƙasa, wanda wani batu ne daban da rufewa, ya ma fi ta nauyi ga 'yan ƙasashenmu. Shawarata ita ce kada ta sayi tikitin zuwa gida sai ta zauna da ofishin baƙin ɗalibai na jami'arta, ko ana rufe ko ba a rufe ba.

Sauran jama'ar da ke kewaye da ita

Jami'a gari ce guda, kuma akwai waɗanda suka fi 'yarka jin jiki. Ɗaliban da iyayensu ma'aikatan tarayya ne sukan zo ofishin kuɗi suna roƙon a ɗaga musu ranar biya. A Nuwambar 2025 tallafin abinci na gwamnati, wanda mutum kusan miliyan 42 ke dogaro da shi, ya sami tangarɗa, sai layin ɗakin rabon abinci kyauta na jami'armu ya fito har waje, da ɗalibai da ma'aikatan jami'ar kanta a ciki. A Nuwambar ɗin ne kuma aka rage tashin jirage a manyan filaye 40 saboda masu kula da su sun gaji da aiki ba albashi. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu shara da masu gadin gine-ginen tarayya da ke ƙarƙashin 'yan kwangila. Dokar da aka yi a 2019 ta ce a biya ma'aikatan gwamnati albashin da suka rasa bayan an buɗe, amma ba ta haɗa da waɗannan ba. Kwanakin da suka zauna a gida sun tafi ke nan, kuma su ne masu mafi ƙarancin albashi.

Abin da za ka tambaye ta

"Ba komai, Baba" da take ce maka, mai yiwuwa gaskiya ce tsantsa, mai yiwuwa kuma irin ta 'ya'yan kirki ce da ba sa son iyaye su kwana da damuwa. Hanyar ganewa ita ce ka canza tambayar. Ka ce mata: alawus ɗinki daga koyarwa yake ko daga tallafin malaminki? In daga tallafi ne, wace hukuma ce ta bayar, kuma wane wata zai ƙare? In ba ta sani ba, kada ka yi mamaki, ɗalibai da yawa ba su sani ba. Ta tambayi malamin ko akawun sashensu, ba abin kunya ba ne, haƙƙinta ne. In sauran wa'adin ya wuce shekara, ta ci gaba da harkarta. In ya rage wata shida ko ƙasa da haka, ta tambayi malamin yanzu me ya tanada, ta kuma sa sunanta cikin masu neman koyarwa na zango mai zuwa. Kowace jami'a da tsarinta, amma yawancinsu suna da asusun agajin gaggawa na ɗalibai, ta san ƙofar ofishin tun kafin ta buƙace shi. In tana da samfurin ƙasa ko shuka a ginin tarayya, ta yi magana da malaminta a kwashe abin da doka ta yarda a kwashe kafin ranar da kasafin zai ƙare, ta kuma sauke duk alƙaluman da take buƙata daga shafukan gwamnati ta adana a kwamfutarta.

Akwai kuma abin da ke hannunka, Baba. Ka ce takan aiko muku da abin da ya samu, Allah ya yi mata albarka. In har tallafinta na cikin masu ƙarewa, kai da bakinka ka ce mata ta dakata da aike na wata biyu ko uku, ta tara abin da zai biya mata haya ko da an sami jinkiri. Ita ba za ta taɓa fara faɗa maka haka ba, sai dai ta rage cin abinci ta aiko. Ka gaishe ta, ka ce in ta ga takardar tallafin ba ta gane ranakun da ke ciki ba, ta kai wa ofishin kula da kuɗin bincike na jami'arta, akwai irina a can da zai karanta mata.